Kafin ka ce an cuce ka da lens, manna jarida a bango tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan gidan nan, dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu ɗaukar hoto, musamman yaran da suka shigo sana'ar kwanan nan. Tun bayan Sallah, cikin sati biyu kacal, yara uku suka zo shagona da kuka iri ɗaya, kowa Oga an cuce ni, dogon lens ɗin da na saya ba ya fitar da hoto, da na ja zum zuwa 300, wato ƙarshen jawo nesa kusa, sai komai ya yi dishi-dishi. Ɗayansu har ya riga ya karyar da nasa kusan rabin kuɗi, kuma wallahi da na duba hotunan da ke katinsa lens ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Abun ya tsaya min a rai sosai, don ni ma na taɓa shiga irin wannan, har na ɓata wa wani bawan Allah rai a banza.

Shekarun baya na tara kuɗi na sayi lens na hannu, irin 70-300 ɗin nan na gama-gari da kowa ke farawa da shi, burina in ɗauki Hawan Daushe a nan Zariya. Na samu wuri mai kyau kusa da ƙofar fada, na ɗauki hoto ya fi ɗari huɗu, 'yan lifida, 'yan kwalkwali da gashin jiminarsu, hakimai cikin alkyabba, a ɗan sikirin ɗin kyamara kowanne kamar ka taɓa shi. Da dare na zuba su a kwamfuta na buɗe su da girma, sai gabana ya faɗi, zaren aikin alkyabba ya narke ya zama abu ɗaya, idon doki ba ya ƙyalli, fuskar mahayi kamar an shafa mata man kaɗanya. Kashegari da sassafe na je wajen wanda ya sayar min na faɗa masa maganganun da har yau nake jin nauyinsu, shi kuma yana ta rantsuwa ya gwada kafin ya ba ni.

Wani dattijo a sana'ar da muke kira Baba, wanda tun zamanin fim da ɗakin wanki yake ɗauka, shi ya kira ni gefe. Ya ce yaro kawo kyamarar. Ya buɗo hoto ɗaya ya danna INFO, ya nuna min da farce, ya ce karanta. Na ce 1/125, wato saurin shota, ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa ta ɗauki haske, kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. Ya ce a zum nawa? Na ce 300. Ya ce to ni ban ga laifin lens ba tukuna, hannunka na gani.

Lissafin da ya koya min shi ne, dogon lens yadda yake jawo abu kusa haka yake ƙara girman rawar hannunka, ko bugun zuciyarka sai ya fito a hoto. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin shota kada ya gaza tsawon lens ɗin, 300 yana son 1/300 ko sama, amma ƙananan kyamarorin da yawancinmu ke riƙewa farantin da ke ɗaukar hoto a cikinsu ba cikakken girma gare shi ba, na Canon sai ka ninka da 1.6, na Nikon da 1.5, kenan 300 ɗinka ya koma kamar 480 ko 450, ka ga 1/500 shi ne mafi ƙarancin saurin da ya kamata ga mai riƙewa da hannu. Wannan fa don abin da yake tsaye ne. Dokin da ke sukuwa ya taho jafi kuwa sai 1/1000 ko fiye. Ni kuma na bar kyamara a oto, hawan kuma bayan la'asar ake yinsa, rana tana ta yin ƙasa, kyamara tana ta rage saurin shota don ta tara haske ba tare da na lura ba. Kuma dan Allah a daina dogara da IS ko VR, wato na'urar rage girgiza, da aka rubuta a jikin lens a ce ai zai gyara komai, rawar hannunka kawai yake ragewa, ba ruwansa da gudun doki. Ka juya maɓallin saman kyamara zuwa Tv in Canon ce, S in Nikon ce, ka zaɓi saurin da kanka, ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, ya hau 800 ko 1600 ba komai, ɗan tsaki-tsakin da ke cikin hoto mai kaifi kwastoma zai haƙura da shi, wanda ya girgiza kuwa ba manhajar da za ta dawo da shi yadda ya kamata.

Daga nan Baba ya ce mu je bayan shago. Malam Edita, shafin jarida ya sa na manna a bango da salatif, ya ce ba abin gwajin lens da ya kai ƙananan rubutun jarida. Muka ja baya kamar mita 10, muka ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku, wanda ba shi da shi ya ɗora a kan tebur ya tokare da buhun gero ko na yashi, duk ɗaya ne. Muka daidaita ta ta fuskanci bangon sak, muka kashe IS, muka sa taima na daƙiƙa 2 don kada yatsa ya motsa ta, ISO 100, da safe cikin inuwa mai haske. Muka ɗauka a 70, a 200, a 300, kowanne da ƙofar hasken lens a buɗe gaba ɗaya, sannan muka ɗan tsuke ta zuwa f/8 sannan f/11. Da muka buɗe a kwamfuta ga rubutu nan tar, har ɗigon tawada da zaren takarda ana gani. A nan jikina ya yi sanyi, don na gane mutumin da na je na yi wa hayaniya gaskiya ya faɗa. Na koma na ba shi haƙuri a gaban mutanen da na yi abin a gabansu.

Amma gwajin ya nuna wani abu kuma da ya kamata kowa ya sani game da irin wannan lens mai sauƙin kuɗi. A 300 kuma a f/5.6, wato ƙofar haske a wangale iyakarta, rubutun ya ɗan yi laushi, baƙin bai cika baƙi ba. A f/8 sai ya miƙe. Da muka dawo da zum ɗin baya kaɗan, wajen 250, ya ƙara kyau. Haka halittarsa take, ƙarshen zum shi ne inda ya fi rauni, ba lalacewa ba ce, kuma ba wanda ya cuce ka. Kada kuma ka ce tunda rufewa na ƙara kaifi bari in kai f/22, a can hoton sake yin laushi yake, don haske idan ya matsu ta ƙaramar kafa bazuwa yake yi, ga shi kuma shota zai ja. Tsakanin f/8 da f/11 nan ne gidan irin waɗannan lens.

Akwai kuma filta. Wannan gilashin da ake ɗaura wa a baki ana ce maka kyauta ce don kariya daga ƙura, in mai arha ne a gajeren lens ba za ka ga illarsa sosai ba, amma dogon lens yana tona masa asiri. Yaro na biyu da ya zo wajena matsalarsa kenan, muka kwance filtar muka sake ɗaukar jaridar, shi da kansa ya ce Oga kamar ba lens ɗina ba.

Abin da na fi so a tsaya a kansa shi ne fokos, don a nan aka fi ruɗewa. Idan hoto ya ƙi, kafin ka goge shi ka bincika ko'ina a cikinsa, akwai inda ya fito da kaifi? Idan fuskar mahayi ta dushe amma linzamin doki ko jama'ar da ke baya sun fito fes, to lens yana iya kaifi, wuri ne ya kuskure. A 300 da f/5.6, in abu yana nesan mita 10, faɗin wurin da zai fito da kaifi bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba, alhali daga hancin doki zuwa rawanin mahayi ya ninka haka sau da yawa. In ka bar wa kyamara ta zaɓa da kanta abin da ya fi kusa za ta kama, kan doki ko sandar dogari ko hannun wani da ya ɗaga waya a gabanka. Ka zaɓi ɗigon fokos ɗaya ka ɗora a fuska, kuma ga abin da ke tahowa ka sa AI Servo in Canon ce, AF-C in Nikon ce, don ta dinga bin sa, in ba haka ba kafin ka danna ya riga ya fita daga inda ka kama.

Wani lokacin kuma ka yi komai daidai amma kullum kaifin yana faɗawa ɗan gaba ko ɗan baya. Gwajin wannan ma a gida ake yi. Jera batir biyar na tocila a kan tebur a karkace, kowanne ya ɗan fi na kusa da shi nisa, ka kama na tsakiya ta ƙaramar tagar leƙawa ka ɗauka sau uku ko huɗu, sannan ka kunna Live View ka kama shi ta sikirin ka sake ɗauka. Dalili kuwa, kyamara mai madubi in kana leƙawa wata 'yar na'ura ce daban a ƙasan madubin take auna nisa, a Live View kuwa farantin ɗaukar hoton ne da kansa yake aunawa. Idan na sikirin ya fito daidai, na leƙawa kuma kullum batir na gaba ko na baya yake kamawa, to jituwa ce babu tsakanin lens da kyamara. Kyamarori irin su Canon 7D, 70D, 80D da Nikon D7000, D7100 suna da wurin gyara wannan a cikin menu, AF Microadjustment ko AF Fine Tune, daga -20 zuwa +20. Su 600D, 700D, D3200 da D5300 ba su da shi, sai dai mai gyara, ko ka rufe zuwa f/8 ya rufa maka asiri.

Sai iskar ƙasar nan tamu, wadda mutane ba sa kawowa a rai sam. Ƙaramar Sallah a 'yan shekarun nan cikin bazara take faɗowa, Maris zuwa Afrilu, ka tsaya da tsakar rana ka hango kwalta daga nesa za ka ga kawalwalniya tana rawa, to dogon lens ta cikin wannan rawar yake ɗauko maka hoto, gefen abu sai ya fito a lanƙwashe kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Ka haɗa da ƙurar kofaton dawaki da hayaƙin 'yan bindiga, ko hazon hunturu, ko lens na miliyoyi ka kawo haka zai yi. Maganinsa ka matso da ƙafarka ka rage iskar da ke tsakaninku, ko ka ɗauka da safe kafin ƙasa ta ɗau zafi.

Ba kuma ina cewa duk lens lafiya yake ba, a'a, kayan hannu sai an duba. Yaro na uku nasa da gaske ya samu matsala. A hoton jaridar gefen dama ya fito, gefen hagu ya dushe, na ce watakila mu ne ba mu fuskanci bangon daidai ba, sai muka kifa kyamarar, samanta ya koma ƙasa, muka sake ɗauka, gefen jaridar da ya dushe ɗazu ya fito, ɗaya gefen kuma ya dushe. Kenan laushin yana bin lens ɗin duk inda ya juya, alamar wani gilashi a ciki ya goce daga mazauninsa, yawanci faɗuwa ke kawo haka, kuma da muka duba bakin zoben filta sai ga 'yar lotsawa. Na cire shi daga kyamara na haska tocilar waya ta baya ina leƙawa ta gaba, 'yar ƙura da ke ciki ba ta dame ni ba don kusan kowane zum yana shaƙar ƙura kuma ba ta cika fitowa a hoto ba, abin da ake tsoro shi ne fumfuna mai kamar yanar gizo-gizo ko wani farin hazo da ya lulluɓe gilashi, wanda ake yawan samu a kayan da suka daɗe a wuri mai laima. Nasa ba fumfuna, gocewar ce kawai. Na ce kada ka je da faɗa, ɗauki hotunan nan biyu ka nuna masa. Ya je ya nuna, mutumin ya duba ya canza masa wani ba tare da an ɗaga murya ba.

Kuma dan Allah kada a yanke wa lens hukunci da hoton da ya bi ta WhatsApp ko Facebook, matse shi suke yi su zubar da rabin kaifinsa, in za ka tura wa wani ya duba maka tura shi a matsayin fayil, ko ka kawo katin gaba ɗaya.

Shi na farkon da ya karyar da nasa shi ne har yanzu nake jin zafinsa, don ɗinki ya yi wata da watanni kafin ya haɗa kuɗin, kuma duk hotunansa 1/100 ne da 1/160 a ƙarshen zum. Yanzu nawa nake ba shi aro in ya samu aikin biki, har Allah ya hore masa wani. Shafin jaridar taku yana nan manne a bangon bayan shago, rana ta fara cinye rubutun, in na sayi ta wannan makon zan canza sabo don akwai wasu yara biyu da suka ce za su kawo nasu ranar Asabar.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai ɗaukar hoto daga Tudun Wada, Zariya