Zoben Shakuntala da ya wanke sarki

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi tsokaci kan tsohon labarin soyayyar nan na mabiya addinin Hindu, wato na Shakuntala da Sarki Dushyanta, domin masu ba da shi sukan cakuɗa ruwayoyi biyu da suka sha bamban.

Asalinsa yana cikin kashi na farko na Mahabharata, doguwar waƙar jarumta ta tsohuwar Indiya. Sarki ya fita farauta, ya iske yarinyar a gidan Kanba, mai zuhudun da ya raine ta a daji. Suka yi aure irin na Gandharba, wanda yardar su biyun kaɗai ke ƙulla shi. Amma sai da ta kafa sharaɗi cewa ɗan da za ta haifa shi zai gaji sarauta. Da ta kai yaron fada, sarki ya ce bai san ta ba, alhali yana sane. Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta tsaya gaban fadawa ta faɗa masa gaskiya ido da ido, har wata murya daga sama ta gaskata ta. Yaron nan shi ne Bharata, kakan sarakunan da Mahabharata ke ba da labarinsu.

Kalidasa, mawaƙin Indiya na zamanin da, a wasan kwaikwayonsa mai fitowa bakwai, ya ƙara abubuwa biyu. Na farko la'ana: Durbasa, mai zuhudu mai saurin fushi, ya zo baƙunta, tunanin miji ya ɗauke mata hankali ba ta tarbe shi ba, sai ya yi mata baki cewa wanda take tunani zai manta da ita har sai ya ga wata shaida. Na biyu zoben da sarki ya ba ta, wato shaidar, wanda ya suɓuce mata a ruwa, kifi ya haɗiye, masunci ya tsince shi. Da wannan aka ɗauke laifin daga wuyan sarki, mace mai bakin kare kanta kuma ta koma abar tausayi. A ganina babbar asara ce.

Ruwayar Kalidasa ce ta zagaya duniya. William Jones ya fassara ta zuwa Ingilishi a Kalkata a 1789, Georg Forster ya mayar da ita Jamusanci a 1791. A Faransa, Camille Claudel ta sassaƙa gunkin haɗuwar Shakuntala da sarki bayan rabuwa, aka nuna shi a 1888, sarki na durƙushe gabanta.

A Indiya kuwa, mai zane Raja Ravi Varma ya zana Shakuntala ta ɗaga ƙafa kamar tana cire ƙaya, alhali waiwayen sarki take yi, ƙawayenta na gefe. Ya kafa maɗaba'a a Bombay a 1894 don buga irin waɗannan zane-zane da yawa. Aikin na da wuya: kowane launi da nasa faifan dutse, takarda ɗaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, in ta goce ko da kaɗan sai jan leɓe ya sauka a haɓa, ido ya fito biyu. Da aka shiga kwaikwayon bugun da araha, fuskar ta rasa kunyar da ke cikin asalin zanen.

Ina kira ga duk mai rubutu kan labarin nan a shafinku da ya fara bayyana wace ruwaya ya ɗauko, ya kuma ba Shakuntalar da ta tsaya a fada haƙƙinta.

Naka,
Mai karatu