Malam Edita, "bincike ya nuna" ɗin nan wane bincike ne?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya iyali. Ni haifaffen Mai Wurno ne kusa da Sinnar a Sudan, na yi karatun likitan dabbobi a Shambat, yaƙin da ya ɓarke a Khartoum ran 15 ga Afrilu 2023 ne ya koro mu, yanzu ina Hufuf a yankin Ahsa ina duba raƙuma da tumaki. Jaridarku a waya nake karanta ta bayan isha'i, kuma akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, amma bari in fara da abin da ya same ni tukuna.

Watan jiya na tura wa wata mujallar likitocin dabbobi rubutuna a kan guffar, wato sammoren raƙuma da ƙwayar cutar Trypanosoma evansi ke kawowa, kwana huɗu sai ga shi sun maido min, ko masu tantancewa ba su kai wa ba, wai madogaraina ba sa kan tsarinsu. Ni na bi tsarin Harvard, sunan marubuci da shekara a cikin rubutu sannan a jera su a ƙarshe bisa haruffa, su kuma Vancouver suke so, lamba lamba, wanda ka fara ambata shi ne 1 na biye 2 har ƙarshe. Wallahi raina ya ɓaci, na ce mutum ya yi shekara yana bin garke a rana yana ɗiban jini a wuyan raƙumi, a ce waƙafi da aya ne za su tsayar da shi.

Haka na zauna dare uku, ɗan yayana yana riƙe da takarda yana kira min lamba ni ina gyarawa a kwamfuta, shayi ya huce a gabanmu, idan na cire sakin layi guda sai duk lambobin da ke ƙasa su zame mu koma farko. A tsarin Vancouver ɗin marubuta shida ake rubutawa sauran a ce et al., wato da sauransu, sunan mujalla a gajarce, Veterinary Record ta koma Vet Rec, Veterinary Parasitology ta koma Vet Parasitol, sai shekara, mujalladi, shafi, sunan ƙwayar cuta kuma a karkace. Editocin mujallun likitanci ne suka zauna a Vancouver ta Kanada a 1978 suka tsara wannan. Shi kuwa Harvard ɗin ma, abin dariya, ana jingina shi ne ga wani masanin dabbobi Edward Mark da ya yi rubutu a 1881 a kan ɗan dodon-koɗin nan marar kwanso, to ka ga ashe ƴan gidanmu ne suka jawo mana.

Inda ya fi ba ni wahala shi ne sunayenmu. Bature yana da sunan dangi guda, mu kuwa sunanka, na babanka, na kakanka, sai kwamfuta ta ɗauki na ƙarshe ta ce kai ne. Mutum ɗaya za ka gan shi Elhassan a wannan takarda, El Hassan a waccan, Al-Hasan a ta uku, Zotero ma, manhajar jera madogarai da nake yabo don kyauta ce, wani lokaci sai ta yanke El ɗin ta mai da shi sunan yanka. Abin da na koya dai, ka rubuta yadda mai shi ya rubuta a wannan takardar, kada ka gyara masa. Ƙannenmu masu tasowa kuma su zaɓi rubutu ɗaya su tsaya a kai, su yi lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, tun da wuri. Ga kuma rahotannin nan na Saudiyya masu shekarar Hijira, 1445 ta fara a Yulin 2023 ta ƙare a Yulin 2024, in ba ka duba watan ba sai ka sa shekarar da ba ita ba. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ma ta bar sunan OIE ta koma WOAH a 2022, sai ka lura bugun yaushe ne a hannunka.

To a dare na uku ne jikina ya yi sanyi. Sun ce kowane madogara a sa masa DOI, lambar nan mai farawa da 10 da ke kai ka ga asalin takardar a intanet, sai na bi wata da na kwafo tun daga wani kundin digiri da na karanta a Shambat, ban taɓa ganin asalin takardar da idona ba, na dai yarda da mai kundin. Tana buɗewa sai na ga ashe a kan shanu aka yi binciken, ko raƙumi ɗaya babu a ciki, ni kuma na ɗora magana a kai kamar na raƙuma ne. Ɗan yayana ya ce kawu lafiya, na ce isnadina ne ya yanke. Ai mu muka karanta maganar Abdullahi bn Mubarak cewa ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama, amma ga ni da digirina na ruwaito daga wanda ban ji daga bakinsa ba.

Kuma a aikinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Berenil, maganin sammoren nan da kowane makiyayi ya sani yana yi wa shanunsa, raƙumi ba ya jure shi, yana iya kashe shi, shi ya sa ake neman irin su Cymelarsan. Saniya da raƙumi a takarda kalma ɗaya ce ta raba su, a garke kuwa dukiyar mutum ce.

Yanzu ga ƙorafina Malam Edita. Shafinku na noma da kiwo sai mu ga an rubuta bincike ya nuna, masana sun ce, wata jami'a a Turai ta gano, shi ke nan ba suna ba shekara. Tun da aka gano cutar numfashin nan ta MERS a wani majiyyaci a Jidda a 2012 ba irin maganar da ba a yaɗa a kan raƙuma da nononsu ba, wata gaskiya wata shaci-faɗi, mutanenmu da ke kiwo a nan kuma su turo min a WhatsApp su ce dakta wannan fa, ni kuma ba inda zan bi in duba tunda ba a faɗi inda aka samo ba. Ba cewa nake ku koma Vancouver da lambobi ba, jarida ce ba mujallar jami'a ba, layi ɗaya ya isa, wane ne ya yi binciken, wace mujalla, wace shekara, kuma don Allah a kan wace dabba aka yi. Wanda ya fassara daga Larabci ko Turanci ya bar sunan maganin yadda yake kada ya ce wata allura.

Takardata na cire wancan madogarar na sake turawa shekaranjiya, ina jira. Idan mai kula da shafin kiwo yana son a riƙa duba masa kafin a buga, ya yi min magana ta ofishinku, daren Juma'a ba na fita garke.

Naku,
Likitan dabbobi, Hufuf, Saudiyya