Godiya ga shagon da ya hana ni sayen sabon injin wanki

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe, da kai da duk yaran shagonka na kayan wuta a Sabon Gari.

Na rubuto wannan a bainar jama'a ne saboda godiyar da na yi a waya ba ta ishe ni ba. Wata 7 na yi ina fama da injin wanki a gidana a Hotoro, kuma a cikin awa ɗaya da rabi yaron da ka turo ya raba ni da wannan wahala, alhali ba a wurinka na sayi injin ba.

Inda na saya, kawo shi kawai aka yi a bayan a-kori-kura, aka dire mini a ɗakin wanki, aka haɗa tiyo, aka karɓi kuɗin dako, aka tafi. Ɗakin kuwa daɓen siminti ne na da, an yi masa gangare zuwa kwata don ruwa ya riƙa fita. Wanki yana tafiya lafiya, amma da zarar an zo wajen matse kaya sai gida ya ɗauka. Injin ya riƙa buga ƙasa, yana tafiya da kansa, har rannan na same shi ya ja tiyon magudana ya fito, ruwan sabulu ya malale har ƙofar kicin. Mu kuma sau da yawa da dare muke samun wuta, da dare nake wanki. Autata takan farka da kuka. Maƙwabciyata, mace mai kawaici, sai da ta aiko ta tambaya ko injin markaɗe muka kafa. Akwai daren da na tsaya na danne shi da hannu biyu har ya gama, kafaɗuna suna ciwo, hawaye na zuba, don kuɗin adashe na shekara guda ne a cikinsa.

Na koma wurin waɗanda suka sayar mini sau 3. Na farko aka ce haka sabo yake yi. Na biyu aka ce yaronsu zai zo, bai zo ba. Na uku ko kujera ba a ba ni ba. Na kira mai gyara, ya cusa kwali da guntun katako a ƙarƙashi, kwana biyu ruwa ya jiƙa su suka lotse. Wani ya ɗan saurara kawai ya ce boris ya mutu, in kawo kuɗi. Da na gaji ne na shigo shagonka tambayar farashin wani. Ka ji labarina har ƙarshe, sannan ka ce, "Hajiya, kada ki sayi komai tukuna, bari a je a duba ƙasan." Wallahi ban taɓa jin ɗan kasuwa ya mayar da ciniki da bakinsa haka ba.

Yaron nan ya zo a lokacin da ya ce, ya yi sallama, ya jira aka yi masa iso. Jakarsa babu komai sai sifana, tocila da ma'aunin magina mai ɗigon iska a cikin ruwa. Ya fara leƙa bayan injin, ya ce yana duba ko an cire kusoshin da kamfani ke ɗaure ganga, wato inda ake zuba kayan wanki, da su saboda jigila, domin in aka bar su injin tsalle zai yi ta yi. An cire su. Sai ya dafa kusurwa biyu masu kallon juna a karkace, ya danna, injin ya yi rawa. Ya ce, "Mama, zo ki gani." Ya durƙusa a jiƙaƙƙen daɓe ya haska tocila: ƙafar baya ta hagu tana lilo a sama, daidai inda siminti ya fashe ya yi ɗan rami. A kan ƙafa uku injina yake tsaye duk watannin nan.

Ya kwashe kwalayen, ya share wurin, ya matsar da injin kamar taƙi ɗaya daga ramin. Ya mayar da ƙafafun huɗu ciki gaba ɗaya, sannan ya riƙa sauko da waɗanda gangaren ya buƙata, yana ɗora ma'auni hagu da dama, gaba da baya, har ɗigon ya tsaya a tsakiya. Ya ce ƙafa in ta yi tsawo da yawa ita ma rawa take yi. Kowace ƙafa tana da noti da ake ɗaurewa sama a jikin injin don kada girgiza ta warware ta, nawa kuwa ko ɗaya ba a taɓa ɗaurewa ba. Ya bayyana mini cewa gangar tana juyawa har sau 1200 a minti ɗaya lokacin matsa, shi ya sa ɗan gibin da ido bai gani yake zama bugu. Bai tafi ba sai da muka zuba jiƙaƙƙun tawul aka matse a gabansa. Ya ɗora kofin ruwa a sama, ruwan yana ɗan motsi, ko ɗigo bai zuba ba.

Ya ba ni shawara kada in wanke bargo shi kaɗai, don nauyi zai taru gefe guda. Ya ce in da hali nan gaba birkila ya yi ɗan dandamali mai lebur, a yi ta ba shi ruwa, a kuma yi haƙuri da shi, tunda siminti sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Na ƙara masa wani abu a kan kuɗin aiki, ya ce Alhaji ya hana.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka saba da akasin wannan. A sayar maka da kaya masu tsada, da ka miƙa kuɗi an gama da kai. Mai gyara ba zai durƙusa ya duba ba, sai ya ambaci abu mafi tsada, musamman in ya ga mace ce ba ta san kan inji ba. Mata nawa ne yanzu suke danne injin da hannu da tsakar dare, ko suka rabu da shi a araha, saboda noti huɗu da ba wanda ya ɗaure?

Allah Ya sa albarka a kasuwarka, Alhaji, Ya raya maka zuri'a. Yaron nan kuma Allah Ya yi masa albarka, Ya jiƙan magabatansa. Jiya na wanke kayan makarantar yara da ƙarfe 1 na dare, auta tana barci a ɗakin da ke manne da na wanki, ba ta ko juya ba.

Daga wata uwa a Hotoro, Kano.