Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Kayan Zaƙin Kabewa na Kantunan Amurka

Peoria, Jihar Ilinoi,
Amurka.

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana nan lafiya tare da Hajiya da yara, da su Baba da Inna, da sauran mutanen gida baki ɗaya. Mu ma a nan muna lafiya, sai dai sanyin kaka ya fara shigowa. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar da Hajiya ta sa ka yi mini game da garin kek mai kabewa da take gani a intanet, wato ko zai dace a riƙa aiko mata da shi a kwalaye saboda sana'arta ta kek da cincin. Na ga maganar ta fi ƙarfin gajeren saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta maka a tsanake, tun da Allah ya ajiye ni a jihar da ta fi kowace jiha noman kabewa a ƙasar nan.

Shawarata ita ce kada ta zuba kuɗinta a wannan garin, kuma ga dalilina. Daga ƙarshen watan Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, kantunan Amurka sukan canza kama, ko'ina ka duba launin ruwan goro ne da hoton kabewa. Za ka ga biskit da burodi da donat da alewa da askirim, da madarar da ake zubawa a kofi, har ma da kyandir da sabulun wanke hannu, kowanne da sunan kabewa a jikinsa. Kamfanonin da suke yin kayan da ake saye duk shekara, irin su Oreo da Cheerios da Pop-Tarts, sukan fitar da samfurin kabewa na ɗan lokaci, kantin Trader Joe's kuwa ya yi suna wajen cika kantocinsa da irin waɗannan kaya. Bukukuwa biyu ne suke jan wannan kasuwa. Na farko shi ne Halowin, ranar 31 ga Oktoba, lokacin da ake fafe manyan kabewa a sassaƙa musu fuska a ajiye a ƙofar gida, na biyu kuma bikin godiya da ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, inda iyali suke haɗuwa a ci gasasshen talotalo, sannan a kammala da zaƙin kabewa. Da zarar wannan biki ya wuce, sai a karya farashin abin da ya rage, a share kantoci domin kayan Kirsimeti.

Abin da hoto ba zai nuna wa Hajiya ba shi ne cewa yawancin waɗannan kaya ƙamshin kayan yaji suke sayarwa, kabewar cikinsu kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Dokar ƙasar nan ta tilasta wa kamfani ya jera abubuwan da ya haɗa a bayan kwali, ya fara da wanda ya fi nauyi ya gangaro zuwa mafi ƙaranci. Kwanakin baya na ɗauki kwalin wani biskit a kanti, gabansa da ƙatuwar kabewa har da ganyenta, na juya bayansa na karanta. Sukari ne a farko, sai fulawa, sai man ja da aka tace, sai ruwan zaƙin masara, sai kala, can kusa da ƙarshe aka rubuta kayan ƙamshi. Na bi jerin da yatsa har ƙasa, babu kabewa ko ƙwaya. Ba su karya doka ba, domin abin da suka rubuta a gaba shi ne "kayan ƙamshin kabewa", wato haɗin da aka saba zubawa idan za a dafa ta da sukari. Wannan haɗin kuwa ba baƙonmu ba ne: kirfa ce da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, wani lokaci da wani ɗan yaji na tsibirin Jamaika. Kamfanin McCormick ya fara sayar da shi a haɗe tun 1934.

Wanda ya mayar da wannan ƙamshi yayi shi ne kamfanin kofi na Starbucks, da ya fito da kofi mai madara da wannan haɗin a 2003. Abin mamaki, sai a 2015 suka fara sa ainihin kabewa a ciki, bayan mutane sun yi ta surutu, kuma duk waɗannan shekaru ciniki bai tsaya ba. Daga nan kowa ya bi sahu, har ta kai a 2019 kamfanin Hormel ya fitar da naman alade na gwangwani mai wannan ƙamshi, ya kuma ƙare cikin sa'o'i. Ka ga ke nan ƙarfin kasuwar yana ga lokacin shekara da abin da yake tuna wa Ba'amurke, wato girkin kakarsa da taron dangi da shigowar sanyi. Mutumin Kano ba shi da wannan tunanin a ransa, don haka idan an kai masa kwalin, fulawa da sukari da kirfa kawai zai ji a bakinsa.

Kayan da nake girmamawa a cikinsu duka shi ne kabewar gwangwani zalla, kuma labarinta a maƙwabtanmu yake. Kudu maso gabas da Peoria, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a mota, akwai ƙaramin garin Morton, wanda mutanensa suke kira hedikwatar kabewa ta duniya, har suna yi mata biki kowane watan Satumba. A can masana'antar Libby's take, mallakar kamfanin Nestlé, kuma daga ita ne mafi yawan kabewar gwangwani da ake ci a Amurka take fitowa. Irin da suke shukawa sunansa Dickinson, kuma da ka gan shi ba za ka haɗa shi da jar kabewar da ke jikin kwalaye ba. Doguwa ce, bayanta launin ƙasa-ƙasa, cikinta kuwa ja ne sosai, tsokarta mai kauri, ba ta da yawan ruwa ko zare. Waccan mai kyan gani da ake fafewa a Halowin ruwa da zare ne suka cika ta, shi ya sa yawancinta a shara take ƙarewa, abin da har yau idona bai saba da shi ba.

A irin wannan lokaci, idan ka bi hanyoyin karkara, za ka ga an tattara kabewar a jere layi-layi a gonaki, sannan wata na'ura ta biyo tana kwasa tana zubawa a manyan motoci masu buɗaɗɗen baya. Motocin sukan nufi Morton a cike maƙil, da laka a jikin kabewar, a can a wanke ta, a daddatsa, a turara, a matse ruwan, a niƙa ta yi laushi, a ɗura a gwangwani. Aikin na 'yan watanni ne kawai, abin da aka ɗura a kakar kuma shi ƙasar za ta ci har wata kakar. Saboda haka idan damina ta yi yawa a wannan ɗan yanki, Amurka duka takan ji a jikinta. Haka ya faru a 2009, lokacin da ruwa ya hana na'urori shiga gonaki, kabewa ta ruɓe a ƙasa, gwangwanin ya yi wuya a kantuna har cikin shekarar da ta biyo baya.

Gwangwanin iri biyu ne, kuma suna kama da juna ƙwarai a kanti. Ɗaya kabewa ce tsantsa ba gishiri ba sukari, ɗayan kuma an riga an haɗa ta da sukari da kayan ƙamshi. Na farkon shi ne ya zama rufin asirin gidanmu, domin da shi Maman Khalifa take yi mana miyar taushe. Takan soya kayan miya, ta zuba ruwan nama, ta juye gwangwani ɗaya mai giram 425, ta kawo niƙaƙƙiyar gyaɗa da alayyahu, kafin a jima miya ta yi kauri. Ba ta kai wadda Inna take yi da yakuwa da kabewar da aka yanko da safe ba, amma ta isa ta sa mutum ya ci tuwon shinkafa ya gode wa Allah. Dama asalin kabewa daga wannan nahiya yake, domin a Mekziko aka fara nomanta shekaru dubbai da suka wuce, daga baya ta bazu har ta iso mu. Mu muka kai ta tukunyar miya, su kuma suka fi kai ta wajen sukari.

Babban abin zaƙin da suke yi da ita shi ne fai, wanda ɓawonsa irin na mitfai ne, amma a buɗe yake a faranti mai ɗan zurfi, cikinsa kuma idan ya huce yakan yi laushi ya kama jikinsa kamar alala. Tun 1950 Libby's yake buga yadda ake yin sa a jikin gwangwaninsa, kuma gidaje da yawa da shi suke aiki. Ana haɗa gwangwanin kabewa ɗaya da ƙwai 2, da sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, da babban gwangwanin madarar ruwa, da ƙaramin cokali ɗaya na kirfa, rabin cokali na citta, rabin cokali na gishiri, da rubu'in cokali na kanumfari. Sai a juye a kan ɓawon, a gasa minti 15 da wuta mai ƙarfi, wajen digiri 220 na ma'aunin Salsiyas, sannan a rage zuwa wajen 175 a bar shi kamar minti 40, har sai an soka wuƙa ta fito ba danshi. Wanda ba ya son wahala kuwa sai ya saya gasasshe. Kantin Costco yana sayar da wani ƙato mai faɗin santimita 30 a kan kusan dala 6, kuma ana gobe bikin godiya layin masu sayensa yakan yi tsawo. Na ci na kanti na kuma ci na gida, na kantin ya fi zaƙi, ɓawonsa kuma yakan jiƙe idan ya kwana.

Shi kuwa garin kwalin da Hajiya take tambaya, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Pillsbury da Krusteaz da Betty Crocker, abin da ke cikinsa fulawa ce da sukari da hodar da ke sa kek ya tashi, da kayan ƙamshi, wani da ɗan busasshen garin kabewa, wani ma babu. Duk da haka sai mai girki ta kawo ƙwai da mai da ruwa daga aljihunta, matan nan da yawa kuma sukan ƙara kabewar gwangwani domin burodin ya yi laushi. Kwali ɗaya burodi ɗaya yake bayarwa, ko ƙananan kek goma sha biyu. Idan ka lissafa kuɗinsa da dala, ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan, ka kuma tuna cewa watanni uku kawai ake samun yawancinsa, za ka ga babu yadda za a yi mai sana'a ta fitar da riba. Abin da ake saya a kwalin shi ne sauƙin aiki ga wanda bai iya awo ba, Hajiya kuwa ta daɗe da wuce wannan matakin.

Akwai kuma batun halal, wanda ya sa ba na ɗaukar komai sai na karanta bayansa. Wasu daga cikin ɓawon fai da ake sayarwa a naɗe cikin firji da kitsen alade ake yin su, kuma a rubuce yake ƙarara. Wasu alewoyi da kayan da aka shafa wa farin sukari suna ɗauke da jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa ba tare da an faɗi wace dabba ba ce. Ruwan banila na asali kuma, bisa dokar ƙasar nan, dole ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na sinadarin barasa, malamai kuwa sun yi saɓani a kan ɗan abin da yake shiga kek. Musulmin nan da yawa sukan duba tambarin abincin Yahudawa a jikin kwali, domin yana tabbatar da cewa babu alade, amma bai hana barasa ba.

Idan Hajiya tana son gwada wannan ɗanɗano, komai yana kusa da ita. Ta sa a samo mata kabewa mai jan ciki da kaurin tsoka a kasuwar 'Yankaba, kirfa da citta da kanumfari kuma a Kurmi, ta daka su da kanta, domin sabon daka ya fi wanda ya yi watanni a kwali ƙamshi nesa ba kusa ba. Ta turara kabewar ko ta gasa ta maimakon ta dafa cikin ruwa, ta marmasa, ta zuba a farin ƙyalle mai tsabta ta rataye ruwan ya tsane, don ruwan ne yake sa kek ya yi nauyi ya ƙi tashi. Ta fara da burodi ko ƙananan kek, ta rage sukari ƙasa da yadda Amurkawa suke sawa, ta kuma yi hattara da kanumfari, saboda kaɗan ya ƙaru sai ɗaci. Fai ɗin ban ba ta shawarar sayar da shi ba, domin ƙwai da madara ne, dole ya zauna a firji, ka kuma san yadda wuta take a gida. 'Ya'yan kabewar ma kada ta zubar. A nan ana soya su da gishiri a sayar a ƙananan ledoji da tsada, kuma a cikin duk kayan taɓa-ka-lashe na wannan lokaci su ne nake saya wa yara hankalina kwance.

Akwai wani ɗan'uwa da zai taho gida a watan Disamba, in Allah ya yarda zan ba shi kwali ɗaya na garin da gwangwani biyu na kabewa zalla ya kawo muku, domin Hajiya ta ga kaurin da ake so kabewar ta yi, ta kuma gwada nata da na kanti ta yanke hukunci da kanta. Ka rubuto mini yadda gwajin ya kasance, da nawa ake sayar da kabewa a Kano bana. Ka gaishe mini da Baba da Inna da kyau, ka roƙe su su ci gaba da sa mu a addu'a. Maman Khalifa tana gaida Hajiya da yara. Allah ya sa albarka a sana'ar, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka amini,
Nasiru