Sanarwa: Zaman Asabar kan wasan The Crucible

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Zamanmu na wannan mako ranar Asabar ne bayan La'asar, a ajin da muka saba haɗuwa. Za mu ɗora kan kashi na 3 da na 4 na The Crucible, wasan kwaikwayon da Arthur Miller ya fitar a 1953 kan shari'ar mayu da aka yi a garin Salem na Amurka a 1692.

Don Allah kowa ya karanta tun a gida, musamman inda John Proctor ya tsaya gaban alƙali Danforth ya tona wa kansa asiri cewa ya yi zina da Abigail, tsohuwar ƴar aikin gidansu, don a gane zargin maitar da take yi wa mutane sharri ne take ƙullawa. Aka shigo da matarsa Elizabeth, wadda ya gama shaidar ba ta ƙarya, aka hana ta kallon fuskarsa. Ita kuwa, don ta rufa masa asiri, sai ta musa. Nan fa komai ya dagule.

Kowa ya zo da amsarsa: da Proctor ya yaga takardar amsa laifin maita bayan ya sa hannu, ya yarda a rataye shi, girman kai ne ko tuba? Ni dai na fi karkata ga tuba, amma ku zo mu fafata.

Masu karanta Proctor, Elizabeth da Abigail su iso da wuri. Kowa ya riƙo naira 500 kuɗin buga takardu. Wanda uzuri ya riƙe ya faɗa a nan kafin daren Juma'a.

Allah Ya kai mu lafiya. A gaida gida.

Sakataren rukuni