Wasiƙa zuwa ga Yaya a Jos, kan murhun falo

Mancesta, Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Yaya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai ɗan sanyi, shi ma an saba. Yanzu ne kowa a nan ke tunawa da murhunsa, aiki ya yi mana yawa, shi ya sa kuka ji ni shiru.

Na turo fam 120 ta hanyar da aka saba. Fam 50 na maganin Inna ne, sauran na gyaran murhu. Don Allah kada a taɓa shi da sunan rance.

Na ga hoton murhun falon gidan da kuka koma, irin na Turawan kuza ne, ginin bulo mai bututun hayaƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne labarin da na ji, wai tun shigowar hunturu kuke hura shi da dare bakinsa a buɗe, ga Auta ta fara rarrafe. Haba Yaya! Da ban ji a bakin wani ba, ba za ka faɗa min ba ke nan?

Ka ce ƙofar gilashi kake so don ta fi kyau. Ta fi kyau kam, amma ragar ƙarfe ta tare bakin murhun za ka fara yi. Gilashin taga, komai kaurinsa, fashewa yake idan wuta ta dake shi, kada mai gilashi ya ruɗe ka. Wanda ake sa wa yawancin ƙofofin murhu gasasshen gilashi ne, juriyarsa wajen digiri 250 ne kawai, don haka idan wuta na ci dole a bar ƙofar a buɗe, raga ce ke tare tartsatsi. Amfanin ƙofar sai wuta ta mutu: a rufe ta, ɗumin ɗaki ya daina zurarewa ta bututu. Wanda ake rufewa wuta na ci shi ne na siramik, yana ɗaukar digiri 700, kuma kuɗinsa ya fi abin da na turo. Ka kuma sani, gilashi mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya a idon yaro, zai manna tafin hannunsa kawai. Bana dai raga, gilashi sai baɗi in Allah ya kai mu.

Ka ɗauki tef ka auna faɗin bakin murhun sau biyu, sama da ƙasa, tsayinsa ma sau biyu, hagu da dama, don tsohon gini ba ya zama daidai. Ka ba mai walda awon da ya fi girma, ya ƙara santimita 5 a kowane gefe da sama. Firam ɗin na baƙin ƙarfe, idon ragar kada ya wuce milimita 6, in ba haka ba tartsatsi zai bi ta ciki. Ban da ragar sauro, narkewa take. Ban da waya mai farin shafe irin na kwanon rufi, idan ta ji wuta sosai tana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi. Fentin mai na ƙofa zai kumbura ya cika ɗaki da wari, ko a samo mai jure zafi ko a bar ƙarfen haka nan. Ƙasan ragar ya zauna daram a kan daɓe, don ta nan garwashi ke gangarowa.

Saboda Auta, wannan ragar kaɗai ba ta isa ba, ita ma zafi take ɗauka. A yi shinge na biyu mai fuska uku, tazararsa da wutar kamar rabin mita, a kafa ƙugiya biyu kowane gefe a jikin bango a maƙala shi. Wanda aka ajiye kawai ba a ɗaure ba, za ta kama shi don ta miƙe tsaye, ya faɗo mata. Ledar ƙasa, darduma, labule da kujera su ja baya mita 1.

Kafin a sake hura wuta a duba bututun. Gidan ya daɗe a rufe, ƙila tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. Ka kunna takarda a cikin murhun: idan hayaƙi ya hau sama, to, idan ya dawo ɗaki, a share tukuna. A nan sau ɗaya a shekara ake sharewa aƙalla. Ɗanyen itace ne ke tara baƙin danƙo a bututu, shi ne ke kamawa da wuta daga baya, tun 2021 kuma aka hana sayar da jiƙaƙƙen itace ƙanana-ƙananan ɗauri a Ingila saboda hayaƙinsa na gurɓata iska. Busasshe kawai. Toka kuma a bokitin ƙarfe, a fitar waje, garwashi na kwana biyu a cikinta da rai.

Na ji kuma Inna na shiga ɗaki da kaskon gawayi ta rufe taga. Ka hana, ko da za ta yi fushi da kai. Gubar gawayi ba ta da wari, mutum na barci take ɗauke shi. Zan aiko da na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iskar, mai batir ce, ta hannun wanda zai zo gida. Ni ya kamata in tsaya a kan duk wannan da kaina, na sani, shekara huɗu rabona da gida ba wasa ba. Ku yi min haƙuri.

Kuɗin murhu na murhu ne, Yaya, kada Kawu ya ji labarinsa. Idan mai walda ya gama, ka turo min hoto kafin ka cika masa kuɗinsa. A gaishe da Anti da yara, a ce wa Inna ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka