Zuwa ga Hajiyar da ta bugo waya a shirinmu na lafiya

Assalamu alaikum Hajiya,

Ranar Asabar kin tambaye ni a rediyo: mutumin da ya san yana ɗauke da cutar ƙanjamau, yana shan magani, amma ya kusanci mace bai gaya mata ba, me zai hana a tura shi gidan yari? Lokaci ya ƙure ban amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Ɓoyewar cin amana ce, ba na musu. Amma kotu cutarwa take hukuntawa, kuma a nan magani ya canja lissafi. Wanda ke shan maganin ƙanjamau, wato ARV, kullum har ƙwayar cutar ta koma ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini ba ya sa wa wani ta hanyar saduwa. Binciken PARTNER da aka fitar a 2016 ya bi abokan zama 888 a Turai, ɗaya na da cutar ɗaya ba shi da ita. Sun sadu kusan sau 58,000 ba kwaroron roba, ba a samu ko mutum guda da ya kamu daga abokin zamansa ba.

Dokoki sun daɗe suna jan ƙafa. A 2012 Kotun Ƙolin Kanada ta ce sai an haɗa ƙarancin ƙwayar cutar da kwaroron roba kafin mutumin da bai faɗa ba ya tsira daga tuhuma. Mu kuwa a wannan yanki, samfurin dokar ƙanjamau mai hukunta yaɗa cutar, wanda aka tsara a N'Djamena a 2004, shi ne ƙasashe da dama suka kwafa, har da Nijar.

Ga abin da ke hana ni barci, Hajiya. Wa ake fara yi wa gwaji a gida? Mace, ranar da ta je awo. Maigida kuwa sau da yawa ko ƙofar asibiti bai taɓa takawa ba. In dokar ta ce wanda ya sani shi ne mai laifi, to matar ce za ta tsaya gaban alƙali, ko da mijin ne ya kawo cutar. Irin wannan na cikin dalilan da suka sa Zimbabwe ta soke tata dokar a 2022.

Wanda ya ƙi magani, ya sa wa wani da gangan, wannan kam a kama shi, ni ma zan ba da shaida. Wanda kike tambaya a kansa, a fara duba takardar gwajin jininsa tukuna.

Ki gaida mutanen gida.